Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Manhaja: Ina Matsalar Take?

Mutanen Jangebe, ina wuninku? Na Talata Mafara, na Bakura, na Maradun, da duk inda muryar nan ta kai, barkanku da gida.

Yau hirarmu a kan tsohuwar kwamfuta ce. Irin wadda aka sayo ta hannu, 'yar Beljiyam kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa. Tana shagon buga takardu. Tana ofishin hedimasta. Tana cikin jakar ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Wata daga Gusau aka sayo ta, wata daga titin Beirut a Kano, wata kuma yaya ne ya gama da ita ya miƙa wa ƙane.

Ka samo manhaja, wato shirin da ake sakawa a kwamfuta don ta yi wani aiki. Ko ta buga takarda ce, ko ta zanen katin biki, ko ta koyon bugun rubutu. Ka fara sakawa. Ta kai rabi, ta tsaya cak. Ko kuma ta ƙi farawa ma. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci da jar alama. Ka yi wuf ka rufe shi. Ka ɗauki kwamfuta sai wajen mai gyara. Shi kuma tun ba ka zauna ba ya ce, "Alhaji, sai an yi mata fomatin."

Fomatin shi ne a share duk abin da ke ciki a zuba sabo. Ni dai a ganina an cika gaggawar wannan hukunci. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Shekarunta ne da na manhajar ba su zo ɗaya ba, kuma ta faɗa maka haka a cikin akwatin nan da ka rufe ba ka karanta ba. To a ɗauko biro da takarda, don akwai 'yan lambobi da za mu rubuta.

Kashi na farko: san kwamfutarka.

Manomin rani a Bakolori, idan injin ban-ruwansa ya lalace, ba ya shiga kasuwa ya ce a ba shi fiston kawai. Sai ya faɗi irin injin da girmansa, ko ya jefa tsohon a aljihu a je a gwada. Kai ma kada ka nemi manhaja sai ka san abu huɗu game da na'urarka.

Na ɗaya, wace Windows ce a ciki? Windows ita ce babbar manhaja, uwar sauran, wadda ke tashi da zarar ka kunna. Windows XP ta fito a 2001. Windows 7 a 2009. Windows 10 a 2015. Kowace manhaja akwai Windows ɗin da aka yi ta dominta. Wadda aka yi jiya ba lallai ta san XP ba. Wadda aka yi a 1998 kuma ba ta taɓa jin labarin Windows 10 ba.

Na biyu, mai bit 32 ce ko mai bit 64? Kada lambobin su tsorata ka. Faɗin hanyar da bayanai ke bi ne a cikin na'urar. Ga ƙa'idar, a saurara da kyau. Manhaja mai 32 tana shiga Windows mai 32, tana kuma shiga mai 64. Amma manhaja mai 64 ba ta shiga Windows mai 32, ko da za ka kwana kana gwadawa. In maimaita: ta 32 tana shiga duka biyun, ta 64 sai a 64 kaɗai. Akwai kuma wani ɗan ruɗani a sunayen fayil. Idan ka ga x64, to 64 ke nan. Idan ka ga x86, ba 86 ake nufi ba, 32 ake nufi. Haka masu abin suka sa wa kayansu suna.

Na uku, ram nawa ne? Ram shi ne wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi yanzu-yanzu. Windows 7 mai 32 tana neman giga 1 aƙalla, mai 64 kuma giga 2. Wannan na tashi ne kawai, ba na aiki cikin walwala ba. Sannan Windows mai 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4. Kada wani ya sayar maka da giga 8 ya ce zai sa mata ta yi gudu.

Na huɗu, fili nawa ya rage a ma'ajiya, wato had-dis, inda takardunka da hotunanka ke kwana?

Ina ake ganin waɗannan? Nemi hoton da aka rubuta Computer, ko My Computer, ko This PC. Ɗora kibiyar linzami a kai. Latsa maɓallin dama, ba na hagu ba. A ƙasan jerin da zai fito za ka ga Properties. Latsa shi. Sunan Windows yana nan, ram yana nan, 32 ko 64 yana nan. Filin ma'ajiya kuma, buɗe Computer ɗin, dubi sandar da ke ƙarƙashin harafin C. Idan ta zama ja, gida ya cika. Rubuta duka huɗun a takarda, ka manna ta a murfin kwamfutar. Duk ranar da za ka karɓo manhaja a wurin wani, tafi da takardar.

Mun shiga kashi na biyu, kuma nan za mu fi daɗewa: karanta saƙon.

Karanta saƙon kafin ka rufe shi. In Turancin ya yi nauyi, ɗauki hotonsa da waya. Hoton nan ya fi dogon bayani amfani a wurin mai gyara. "Ta ƙi yi" ba bayani ba ne. Ku yi haƙuri da Turancin da zan ambata, haka na'urar ke rubutawa, kuma so nake idan kun gani ku gane.

Saƙo na farko yana cewa fayil ɗin "is not a valid Win32 application". A sababbin Windows yakan ce "This app can't run on your PC". Ma'anarsa, wannan manhaja ba tawa ba ce. Ko dai ta 64 ce ka kawo wa mai 32, ko ta fi Windows ɗinka sabunta, ko fayil ɗin ya lalace a hanya. Maganinsa ba fomatin ba ne. Nemo fitowar da ta dace da zamanin na'urarka. Misali, burauzar Chrome, manhajar shiga intanet. Ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7 ita ce mai lamba 109, ta watan Janairu 2023. Firefox kuma mai lamba 115. Duk wadda ta wuce nan ba za ta shiga ba. A XP kuwa Chrome ta tsaya ne a 49, Firefox a 52.

Saƙo na biyu yana cewa wani fayil mai ƙarewa da d-l-l ya ɓace. Wannan shi ne ya fi wahalar da masu shagunan buga takardu. Manhajoji da yawa ba su zuwa da dukan kayan aikinsu. Suna dogara da wasu kayan haɗin gwiwa na kamfanin Microsoft, suna zaton za su tarar da su a ciki. In ba su tarar ba, sai kuka. Dubi lambar da ke cikin sunan. Idan ka ga MSVCR100, abin da ake kira Visual C++ na 2010 take nema. Idan ka ga 140, na 2015 ne zuwa sama. Kyauta ne. Ka saka shi, ka sake kunna kwamfuta, ka gwada.

Ga wani sirri da ko masu gyara sukan manta. Idan manhajar mai 32 ce, to Visual C++ mai 32 take so, ko da Windows ɗinka mai 64 ce. Mutum zai saka na 64, ya ga saƙon bai tafi ba, ya ce ai abin ba ya aiki. Yana aiki, malam. Saka duka biyun, ba sa faɗa da juna.

Gargaɗi kuma: kada ka je neman wannan fayil ɗin d-l-l shi kaɗai a shafukan da ba ka sani ba. Nan ne masu cusa cutar kwamfuta suke kafa tarko.

Ɗan uwan wannan saƙo shi ne mai neman .NET Framework, ana karanta shi dot-net. Tsofaffin manhajoji sun fi neman mai lamba 3.5. Windows 7 tana zuwa da shi. A Windows 8 da 10 kuwa a kashe yake, sai an kunna, kuma kunnawar tana son intanet ko faifan Windows ɗin.

Masu Windows 7, ga naku na musamman, a rubuta. A watan Fabrairu 2011 aka fitar da babban gyaranta, Service Pack 1. Manhajoji da yawa ba sa shiga sai da shi, kuma a shafin Properties ɗin nan za ka ga ko kana da shi. Sannan a 2019 Microsoft ta sauya irin hatimin da take buga wa kayanta don tabbatar da cewa na gaske ne. Windows 7 da ba a koya wa sabon hatimin ba takan ƙi sababbin kaya, ta ce ba ta yarda da sa hannun ba. Lambar gyaran ita ce KB4474419. A hankali: K, B, huɗu, huɗu, bakwai, huɗu, huɗu, ɗaya, tara.

Saƙo na uku, na rashin izini. Za ka ga "Access denied", ko a ce ana buƙatar "administrator", wato mai cikakken iko da na'urar. A zamanin XP manhaja kan rubuta abin da ta ga dama a duk inda ta ga dama. Daga Windows Vista aka sa tsaro. To sai ka latsa maɓallin dama a kan fayil ɗin sakawa, ka zaɓi "Run as administrator". Amma fa sai manhajar da ka san asalinta, don makullin gidan gaba ɗaya ka miƙa mata.

In duk da haka tsohuwar manhaja ta ƙi, akwai dabara ɗaya da Windows kanta ta tanada. Maɓallin dama, Properties, sai shafin da aka rubuta Compatibility, wato dacewa. A nan za ka ce wa Windows ta yi shigar tsohuwa, ta ce wa manhajar ita XP ce, ko Windows 98. Sau da dama da wannan kaɗai tsofaffin manhajojin koyon bugun rubutu irin su Mavis Beacon suke tashi. Iyakar dabarar ita ce manhajojin farkon shekarun 1990, masu bit 16. Waɗannan ba sa aiki a Windows mai 64 ko kaɗan. Sai mai 32.

Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan tsohuwar kwamfuta da ta ƙi karɓar manhaja. Mun ce san kwamfutarka. Mun ce karanta saƙon. Yanzu kashi na uku: dubi agogo.

E, agogo. Kalli kusurwar dama ta ƙasan allo. Wace shekara ta rubuta? Idan muna wannan shekara ita kuma tana 2009, to mun kama ɓarawon.

A cikin yawancin kwamfutoci akwai wani ɗan batir zagayayye, fari ƙal, faɗinsa santimita 2. An rubuta CR2032 a jikinsa, ƙarfinsa bolt 3. Aikinsa ya riƙe agogo lokacin da na'ura take kashe. Yana shekaru kafin ya mutu, amma kwamfutar da ta yi aiki a wani ofis a Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta zauna a shago, sannan ta iso Jangebe, ai batirinta ya ga duniya. Idan ya mutu, duk sanda aka kashe na'ura aka cire wuta, sai kwanan wata ya koma baya.

Me ya haɗa agogo da saka manhaja? Hatimin nan da muka ambata yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Haka takardun shaidar shafukan intanet. Kwamfutar da ke zaton tana 2009, in ta ga takardar da aka rubuta bana, sai ta ce ta bogi ce. Shafi ya ƙi buɗewa. Manhaja ta ƙi saukowa. Kai kana zagin netwok, alhali batirin da masu gyaran agogo ke sayarwa ne ya mutu.

Gyara kwanan wata da hannu, ka sake gwadawa. In gobe ya sake komawa baya, canza batirin. A kwamfutar tebur abu ne mai sauƙi. Cire wayar wuta tukuna. Buɗe murfin gefe. Za ka gan shi kwance a cikin ɗan gurbinsa, da wani ɗan ƙarfe da ya danne shi. Tura ƙarfen da farce, batirin zai yi tsalle ya fito. Sa sabo, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama. A laftof kuwa sau da yawa an naɗe shi da roba, da 'yan wayoyi biyu, kuma yana can ciki. Wannan a bar wa mai gyara.

Kashi na huɗu: fayil ɗin kansa, da filashin da ya kawo shi.

A yankinmu manhaja ba kasafai daga intanet take zuwa ba. Daga hannu zuwa hannu take tafiya. Wani ya kwafo a Gusau, ya ba abokinsa ranar kasuwar Talata Mafara, shi kuma ya kawo Jangebe. A kowane zango abu na iya lalacewa.

Fara da duba nauyin fayil ɗin. Babbar manhaja irin CorelDRAW ko Microsoft Office ɗaruruwan mega ce. Idan aka ba ka wani abu mai mega 2 aka ce shi ne, to ɗayan biyu ne. Ko bai gama saukowa ba netwok ya yanke, ko kuma ɗan aike ne kawai. Ɗan aike shi ne ƙaramin fayil da idan ka buɗe shi sai ya tafi intanet ya ɗebo ainihin manhajar. Ba intanet, ba manhaja. Abin da za ka nema shi ne cikakken fayil mai shiga ba tare da intanet ba, wanda a Turance ake rubuta "offline installer".

Mu Zamfarawa ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Makonni suka yi ta wucewa. Mutane na tafiya maƙwabtan jihohi don kiran waya kawai. A irin wannan hali, mai shagon da ke da cikakkun manhajojinsa a ajiye shi ne zai ci gaba da buga takardu. Don haka duk mai cin abinci da kwamfuta ya ware filashi ɗaya. Ya zuba manhajojinsa cikakku, da Visual C++ ɗin nan, da dot-net, da direbobin na'urarsa, waɗanda za mu yi bayaninsu nan gaba. Ya jefa shi a durowa. Kada ya ba da aronsa, ko ga surukinsa.

In an matse manhajar a cikin jakar zip, warware ta tukuna. Kada ka buɗe ta daga cikin jakar. Kuma kwafe ta daga filashi zuwa cikin kwamfuta kafin ka fara sakawa. Ramin filashi na tsohuwar na'ura yakan saki. Gwiwarka ta taɓa tebur, filashi ya motsa, aiki ya yanke. In faifan sidi ne, goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Wani lokaci filashi yakan ce fayil ya yi masa girma, alhali akwai fili. Tsarin da aka yi masa ne, FAT32, ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Sai a kwashe kayan ciki a sauya tsarin zuwa NTFS.

Sai cutar nan da kowane mai shago ya sani. Ka sa filashi, ka ga duk fayilolinka sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa. Kada ka latsa ko ɗaya. Latsawar ce ke sakin cutar cikin kwamfuta. Kuma kada ka fashe da kuka, yawanci kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Wanda ya san aiki zai kashe cutar ya fito da su.

Kashi na biyar, gajere ne: wuta da zafi.

Tsohuwar laftof batirinta ya daɗe da sallama. Kada ka fara saka babbar manhaja sai ka tabbata wutar za ta kai ka. Janareto da mai, ko sola da rana tsaka. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, manhajar takan rage rabi ciki rabi waje. Ba ta buɗuwa, kuma in ka zo sakewa ta ce ai tana nan. Sai ka shiga Control Panel ka cire guntun, ka kashe ka kunna, sannan ka sake daga farko.

Idan kuma na'urar tana mutuwa da kanta ana cikin aiki, kai hannu wajen da iska ke fita. Ka ji zafi kamar za ka ƙone, fanka na ta gurnani amma iska ba ta fita? Ƙurar hunturu ce ta toshe ta, ga zafin bazara ya zo ya tarar. Na'urar kashe kanta take yi don kada ta ƙone. A buɗe a hure ƙurar. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma.

Bari in ɗan ratse, don malaman Hausa da masu buga takardun gayyata. Wani zai buɗe tsohuwar takarda ya ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma wasu alamomi. Ba cuta ba ce. A da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano suka ƙera zubin haruffa na musamman. Takardar da aka buga da irin wannan zubi tana neman sa a duk kwamfutar da ta je. Sai a nemo shi a saka. Don sabon rubutu kuwa, Windows 7 zuwa sama tana da madannan Hausa a cikinta, kunnawa kawai ake yi a wajen zaɓen harshe. Haka kuma mai Office 2003 da aka kawo masa takarda mai ƙarewa da d-o-c-x, ta ƙi buɗewa. Wannan tsari da Office 2007 ya fara. Ka ce wa mai takardar ya sake ajiye ta a tsohon tsari, mai d-o-c.

Firinta ma haka. Tana buƙatar direba, ba na mota ba, ƙaramar manhaja ce da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da firintar. Direba ma yana da na 32 da na 64, kuma a nan na 32 ba ya shiga 64. Firintoci da yawa kuma sun fi son a saka direban tukuna, sannan a jona waya idan an ce a jona.

Kashi na ƙarshe, kuma a nan wasu za su ɓata rai.

Da yawa daga manhajojin da ke yawo a filashi fasassu ne. An fasa makullinsu don a yi amfani ba biya. Mai ba ka zai ce, "Kashe antibayros kafin ka saka." Ka ji fa. Ka kori maigadi, sannan ka ba baƙon da ba ka sani ba cikakken iko. Ban da maganar haƙƙin masu abu, wadda kowa ya san hukuncinta, akwai hatsari a kanka kai kanka. Kuma akwai na halal kyauta. LibreOffice tana buga takarda da lissafi, tana buɗe takardun Word. Inkscape tana zane. Sai dai su ma a nemi fitowar da ta dace da Windows ɗinka.

Sannan a san wannan. Microsoft ta daina toshe ɓarakar tsaro a XP ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. A watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitoci a Ingila, kuma akasarinsu Windows 7 ce da ba a yi wa gyaran tsaro ba. Shin a zubar da tsohuwar kwamfuta ke nan? A'a. A raba mata aiki. Ta buga takarda. Ta yi zane. Yara su koyi madannai da linzami a kanta, tunda daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, kuma abin tausayi ne yaro ya fara taɓa linzami a ɗakin jarrabawa. Duk wannan ba ya buƙatar intanet. Amma harkar banki da lambobin sirri, kada a yi su a kanta.

Kada kuma a yarda a cusa mata Windows 11 don a ce an waye. Windows 11 tana neman ram giga 4 da fili giga 64 aƙalla, ba ta da mai 32, kuma tana neman wani guntun tsaro da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Akwai masu tura ta da dabara. Za ta shiga, amma kafin ta buɗe takarda ɗaya ka sha shayi ka wanke kofi.

To idan an bi duk waɗannan, Windows ɗin kanta ce ta lalace, fomatin ya zama dole fa? Sai a yi, amma da sharaɗi. Kwashe takardunka da hotunanka da hannunka, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbata sun kwafu. Ka sa mai gyara ya ajiye direbobin na'urar kafin ya share, musamman na netwok, don in babu shi ba ta yadda za a sauko da sauran. Juya laftof ɗin ka duba ƙasanta, ko ƙarƙashin batir. A na'urorin zamanin Windows 7 akwai wata 'yar takarda manne mai haruffa da lambobi 25. Lasisin Windows ɗinka ke nan, ka riga ka biya kuɗinsa tare da na'urar. Ɗauki hotonta tun ba ta goge ba. Kuma ka zauna a shagon har a gama, ka ga firintarka ta fitar da takarda, sannan ka biya.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batirin laftof da caja, da yadda ake jona su da sola ba tare da an ƙona komai ba.